Tirela a Ƙofar Gida: Wa Zai Tsayar da Lokacin Sauke Kaya a Dutsin-Ma da Kurfi?

Ranar Laraba kasuwar Dutsin-Ma take ci, amma ga waɗanda gidajensu ke bakin titi, tun daren Talata ake fara cin ta. Motocin hatsi da na dabbobi suna shigowa, kantoci ɗauke da kayan masarufi suna neman inda za su raɓa, yaron mota yana dukan bodi yana yi wa direba kirarin baya-baya. Wani direban ba zai kashe inji ba saboda bai yarda da batirinsa ba, sai motar ta kwana tana gurnani a gindin katangar mutane. Kafin kiran assalatu 'yan dako sun fara jifa da buhuna, an ja ƙofar ƙarfe ta sito, ana ƙirga katan da babbar murya don kada lissafi ya rikice. A bayan katangar nan kuwa akwai mai jego da jaririnta, ko dattijon da likita ya ce ya riƙa samun barci saboda hawan jini.

A cikin duk waɗannan mutane babu wanda ya fito da niyyar cutar da kowa. Direba, dila da ɗan dako halalinsu suke nema. Shi ya sa maganar take da wuyar ɗagawa: maƙwabcin da ya buɗe baki sai a ce yana baƙin ciki da arzikin wani. Yawanci sai ya haɗiye, ya ce zaman tare ya gaji haka. To amma haƙurin mutum ɗaya ba tsari ba ne, kuma gari idan ya kai wani girma dole a samu wanda zai ce ga wurin da za a yi abu kaza, ga kuma lokacinsa.

Dutsin-Ma ta kai wannan girman. Tun 1976 take hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 170,000, ta ba Kurfi kimanin 117,000. Su biyun mazaɓa ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, titi ɗaya kuma ya ɗinke su, wanda ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi ya shiga Dutsin-Ma ya miƙe zuwa Ƙanƙara. Abin da ya sauya fuskar garin ƙwarai shi ne shekarar 2011, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ta zo ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Dubban ɗalibai da ma'aikata suka shigo neman ɗakin haya, abinci, ruwan leda, cajin waya da wurin buga takardu. Masu gidaje suka duba zaurukansu suka ga kuɗi. Aka fasa katanga aka fitar da shago, shago ya zama biyu, wanda ya yi ƙarfi ya karɓi ɗakin baya ya mai da shi sito. Layin da a da sai jaki da keke suke bi, yanzu mota mai taya goma ke neman juyawa a cikinsa.

A Turai idan ana wannan muhawara, manyan kantunan zamani ake nufi, masu rassa ɗari-ɗari da motocinsu na kansu. Nan ciniki bai ɗauki wannan siffar ba. Ko a Kano, Shoprite da ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ta rufe a watan Janairun 2024. Wanda ke riƙe da cikin gari a Dutsin-Ma da Kurfi shi ne dila: mai sarin shinkafa, taliya, sukari, fulawa, lemo da siminti, wanda kayansa ke tasowa daga kasuwar Singa ko Dawanau a Kano, ko daga Katsina. A gefensa ga gidan burodi, ga gidan ruwan leda, ga mai injin niƙa da markaɗe, ga mai walda, kowannensu da janaretansa domin wutar KEDCO ba abin jingina ba ce. Ƙarar da babban kanti ɗaya zai tara a wuri guda, nan ta warwatsu a ƙofofi hamsin, kowace ƙofa kuma manne take da ɗakin kwanan wani.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a saurari direba. Lodi a Singa ba ya ƙarewa da wuri. Sai an gama ciniki, an jira 'yan dako, an ɗaure tamfol, la'asar ta yi. Ga shingayen jami'ai a hanya. Idan ya biyo ta Kankiya ya iso bayan isha'i, ina zai kai mota cike da kayan miliyoyin naira? Wuri mafi aminci da ya sani shi ne ƙofar mai kayan, inda akwai fitila da maigadi. Kwana ɗaya da motar za ta yi a tsaye asara ce ga mai ita, don haka so yake a sauke ya juya da sassafe. 'Yan dako su ma sun fi son aikin dare ko na asuba, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗaukar buhu mai kilo hamsin da tsakar rana yake iya kayar da ƙato. Mai burodi kuwa dole ya kwana yana gashi idan ana son mai shayi ya samu da safe, haka mai kayan gwari daga lambunan kewayen madatsar Zobe yake tsere da rana kada tumatirinsa ya narke.

Waɗannan hujjoji ne na gaskiya. Duk dokar da ta yi kamar ba ta san da su ba, a takarda za ta mutu.

Sai dai shi ma barci haƙƙi ne da ake iya aunawa. Ana auna ƙara da ma'aunin desibel, kuma ma'aunin yana da wata ɗabi'a da ke ruɗin mutane: ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, kunne kuma yana jin kamar ya ninka sau biyu. Hirar mutum biyu tana kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2009 cewa matsakaicin ƙarar dare a wajen ɗakin kwana kada ya wuce 40, kuma a wani rahoto na 2011 ta ƙiyasta cewa ƙarar ababen hawa kaɗai tana cinye wa mutanen yammacin Turai aƙalla shekara miliyan ɗaya ta ƙoshin lafiya a kowace shekara, mafi yawa ta hanyar katse barci. Mutum zai iya cewa ya saba, har ya daina farkawa, amma jikinsa bai saba ba: bugun zuciya yana tashi duk lokacin da aka buga ƙarfe, barcin ya zama sama-sama. Kuma waɗancan alƙaluma an yi su ne don gidaje masu tagar gilas a rufe. A Katsina ta tsakiya, da bazara, rabin gari a tsakar gida yake kwana. Tsakanin kunnen mai barci da salansar mota babu komai sai katanga marar rufi.

Nijeriya tana da doka a kan haka, ko da yake mutane ƙalilan ne suka taɓa jin labarinta. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009. Sun raba yini gida biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare daga 10 zuwa 6. A unguwar zama zalla, iyaka ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka gauraya da shaguna, 55 da 45. Inda aka haɗa gidaje da ƙananan masana'antu da kasuwanci, 60 da 50. Asibitoci da manyan makarantu kuwa, 45 da 35, abin da ya shafi Dutsin-Ma kai tsaye.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna nisan da ke tsakanin wannan takarda da layin unguwa. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara, ƙara tana raguwa da kimanin desibel 6. A ɗauka janareta yana ba da 80 a tazarar mita ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne ga injin da ba shi da murfi. A mita biyu zai zama 74, a huɗu 68, a takwas 62, a sha shida 56. Sai an kai mita talatin da biyu kafin ya sauko 50. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa hamsin da ɗari, tsawonsa duka kimanin mita talatin ne. Ke nan a cikin gari babu tazarar da za ta wadatar. Abin da ya rage shi ne shamaki tsakanin inji da maƙwabci, sai kuma lokaci, wato a san sa'ar da za a kashe. Lokacin ya fi araha nesa ba kusa ba.

Wa zai tsayar da shi? NESREA hukuma ce ta tarayya, ba ta da ma'aikacin da zai tashi ƙarfe biyun dare ya je wani layi a Kurfi da na'urar awo, kuma ba daidai ba ne a jira ta. Ikon da ke da amfani ya fi kusa da gida. Dokar tsara birane ta 1992 ta ɗauki sauya amfanin gini, kamar mai da gidan zama sito ko gidan burodi, a matsayin aikin da ke buƙatar izini, ta kuma ba hukuma damar ba da izinin tare da sharaɗi. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Ke nan a nan maganar tana hannun hukumar tsara birane ta Jihar Katsina. Sannan Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa wa ƙananan hukumomi ayyukansu, a ciki har da kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da sa ido a kan shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi. Ma'aikacin da ke zuwa karɓar kuɗin lasisin shago duk shekara, dokar da ta ba shi ikon karɓa ita ce ta ba majalisarsa ikon gindaya sharaɗi. An riƙe rabin farko da hannu biyu, an saki rabi na biyu.

Ingila ta daɗe da gane amfanin irin wannan sharaɗi. A can idan za a ba babban kanti izinin gini kusa da gidaje, majalisar gari takan rubuta a jikin izinin cewa ba a kawo kaya kafin ƙarfe kaza ko bayan ƙarfe kaza, wani lokaci har da ranar Lahadi. Mai kanti ya san da haka tun bai sa tubali ba, sai ya tsara inda mota za ta tsaya da bangon da zai tare ƙara. Tun ran gini ran zane. Landan ta ƙara da wani tsari da ya samo asali daga 1985, wanda ya taƙaita wa motocin da suka haura tan 18 bin yawancin titunan unguwanni daga ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe, da kuma daga azahar ɗin Asabar zuwa safiyar Litinin. Da cutar korona ta zo mutane suka wawashe kantuna, a watan Maris na 2020 gwamnati ta umarci majalisun gari su sassauta don kaya su riƙa shiga ko da wane lokaci. Sharaɗi ne mai lanƙwasuwa idan larura ta zo, amma akwai shi, an san wanda ya sa shi da wanda zai ɗage shi.

Legas kuwa ta yi akasin haka. Dokar hanya ta 2012 ta hana tireloli yawo a cikin birni daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, wato ta tura su cikin dare, domin abin da ya fi damun Legas shi ne cunkoso da kwantenar da ke faɗowa kan ƙananan motoci. Birane biyu, mota iri ɗaya, hukunci ya sha bamban, saboda kowanne ya dubi ciwon da ke jikinsa. Dutsin-Ma ba ta da cunkoson Legas, ba ta da gilasan Landan. Agogonta daban ne, kuma kwafo na wani ba zai yi mata aiki ba.

Abin da ya kamata ya ƙarfafa wa mutanen Katsina gwiwa shi ne ba sai sun je Turai aron hujja ba. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru, sun tattauna wannan mas'ala dalla-dalla a ƙarƙashin babin cuta tsakanin maƙwabta. Tushenta hadisin nan ne da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a Arba'una Hadisi da yara ke haddacewa a Islamiyya. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus da ya rasu a 1426, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna aiki da ita, tana da fasali a kan mutumin da ya ƙirƙiro abin da ke cutar da maƙwabcinsa, har ta ba da misali da tanderu da masussuka.

A kan ƙara kanta malaman sun yi saɓani, kuma saɓanin ne ya fi kama da halin da ake ciki yau. Wasu sun ce sauti shi kaɗai bai isa a hana mutum sana'arsa ba, tunda abincinsa yake nema a cikin gidansa. Sai idan dukan yana girgiza bangon maƙwabci har ya yi masa lahani. Malaman fatawa na Ɗulaiɗila, wato Toledo ta ƙasar Sifen a yau, sun hana masu bugun tufafi, irin mabugan da aka sani a Kano, idan maƙwabta suka cutu da ƙararsu. Wasu kuma a Andalus suka bi tsakiya: a bar mai sana'a ya yi aikinsa da rana, a hana shi da dare. Wannan ra'ayi na uku shi ne ainihin abin da majalisun Ingila ke rubutawa a jikin izinin kanti, sai dai ya riga su da ƙarnuka.

Akwai ma wanda ya nemo hanyar awo. Ibn al-Rami, magini ne a birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gini, ya kuma tara abin da ya gani a littafinsa Al-I'lan bi Ahkamil Bunyan. Ya bayyana yadda ake gwada ko dutsen niƙan da dabba ke juyawa yana cutar da bangon maƙwabci: a ɗaure takarda da zare a kusurwoyinta huɗu, a rataye ta a rufin da ke kan bangon, a ɗora ƙananan ƙwayoyi busassu a kanta, sannan a ce a juya dutsen. In ƙwayoyin suka motsa, mai niƙa zai matsar da dutsensa. Magini ne da takarda da zare, amma ya raba gardama da shaida maimakon rantsuwa. Malaman sun kuma bambanta cutar da ta daɗe da wadda aka ƙirƙiro daga baya. Wanda ya je ya gina gida a jikin tsohuwar kasuwa ba shi da bakin ƙarar hayaniyarta kamar wanda yana zaune a gidan gado aka zo aka buɗe masa sito a jikin ɗaki. Ingila sai a 2018 ta shigar da irin wannan ƙa'ida cikin manufofinta na tsara gari, cewa wanda ya kawo sauyi shi zai ɗauki nauyin kare kansa ko kare maƙwabta.

Tsohon garin Hausa ma da haka aka gina shi. Sunayen unguwanni irin su Maƙera, Marina da Majema shaida ne cewa mai guduma da mai wari an san inda ake ajiye su. Fatake kuwa ba sa shiga da ayarinsu ƙofar mai gida cikin dare. Zango suke sauka, akwai Sarkin Zango mai kula da su da dabbobinsu da dukiyarsu, da safe a shiga da kaya kasuwa. A zamanin En'e aka ƙara da duba-gari, wanda dattawa har yau suke tuna tsoronsa. Abin da ya ɓace a garuruwan yanzu shi ne zangon. An samu ayarin da ya fi na da nauyi sau dubu, ba a tanadar masa masauki ba.

Akwai kuma wani dalili da Landan da Legas ba su san shi ba. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, a bakin dajin Rugu, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a wata dokar tsaro da ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Dutsin-Ma, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su biyun suna ciki. Wannan ya nuna cewa hukuma tana iya tsayar da sa'a idan ta ga dama, mutane kuma su bi. Ya kuma sauya ma'anar shirun dare. A unguwar bakin gari mutane da kunne ɗaya suke barci, suna sauraren haushin kare, ƙarar baburan da ba a saba ji ba, ko usur ɗin 'yan sintiri. Janaretan da ya kwana yana ruri yana toshe wa layi guda wannan kunnen. Ta ɗaya ɓangaren, rashin tsaron ne ya sa ba za a ce wa direban da ya iso da dare ya koma bayan gari ya jira a duhu ba. Wanda ya ba da wannan umarni ba tare da ya tanadi wuri ba, ya miƙa mutum da dukiyarsa ga ɓarayi.

Don haka a ganin mai wannan sharhi, wuri ne farko, sa'a ta biyo baya. Kowace daga cikin ƙananan hukumomin biyu tana buƙatar fili mai katanga da fitila da masu gadi, kusa da jami'an tsaro, inda babbar mota za ta kwana a kashe. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO da shugabannin 'yan kasuwa sun fi kowa sanin inda zai dace da kuɗin da direba zai iya biya ba tare da ya gudu ba. In an samu wannan, sai a rubuta a jikin lasisin kowane sito da ke cikin unguwa cewa ba a sauke kaya daga babbar mota tsakanin ƙarfe 10 na dare da idar da sallar asuba. Ƙarfe 7 irin na Landan ba shi da ma'ana a garin da kowa ya tashi tun biyar da rabi. 'Yan dako za su samu sanyin safiya, direba ya juya kafin hantsi. Daren kasuwa a kewayen kasuwa yana da hukuncinsa daban, bisa waccan ƙa'ida ta wanda ya tarar da wani. Watan azumi ma haka, tunda gari ba ya barci a sa'o'in da ya saba. Burodi da kayan gwari da ake ɗauka a a-kori-kura ko babur mai ƙafa uku ba su ne matsalar ba, bai kamata a sa su cikin hani ba.

Injuna kuwa maganarsu ta fi sauƙi. Sabon gidan burodi, gidan ruwa ko injin niƙa kada a ba shi izini sai an ga inda zai dasa inji, kuma kada ya zama a jikin bangon da ya haɗa shi da ɗakin wani. Ɗan ɗaki na bulo mai rufi yana rage ƙara sosai, amma dole a bar masa mafitar hayaƙi zuwa sama, domin hayaƙin janareta a rufaffen wuri ya sha kashe iyali guda a ƙasar nan cikin barcinsu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu shaguna da yawa sun koma sola don tsadar mai, layuka da dama sun samu sauƙi ba tare da wata doka ba. Waɗanda suka rage su ne masu manyan injuna, kuma su ne suka fi ƙarfin gina musu ɗaki.

Akwai abin tsoro guda biyu, kuma duka na gaske ne. Na farko kuɗi: kwana a fili da jiran safiya za su ƙara wani abu a kan buhu, dila kuma ba zai biya daga aljihunsa ba, mai saye zai ɗora wa. A wannan zamani na tsadar abinci ba a raina naira hamsin. Amsar ita ce kuɗin filin ya tsaya daidai abin da zai biya maigadi da fitila, kada majalisa ta mai da shi saniyar tatsa. Na biyu ya fi muni: kowace sabuwar doka a kan titi tana iya zama sabon shingen karɓar na goro. Direbobin Arewa sun gaji da masu sanda da rasit na bogi, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa bai kamata tara ta zama matakin farko ba. Ƙorafi ya fara zuwa wurin mai unguwa, a kira dila da maƙwabci a zauna, in ta ƙi a je gaban dagaci, har fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma ko ta Maraɗin Katsina a Kurfi. Wanda ya bijire bayan haka, sai majalisa ta riƙe lasisinsa a shekara mai zuwa. Amfanin rubutaccen sharaɗi shi ne mai unguwa zai samu abin nunawa, maƙwabci kuma ya daina zama mai hassada a idon jama'a, ya zama mai tunatar da abin da aka sa hannu a kai.

Dokar kuma ba za ta yi daraja ba idan ɗan kasuwa kaɗai ta gani. Mai tallar maganin gargajiya da ke kafa lasifika a bakin layi, motar kamfen, da kiɗan biki da ake kaiwa tsakar dare, duk kunne ɗaya suke shiga. Dilan da aka hana sauke sukari ƙarfe sha ɗaya zai tambaya me ya sa aka ƙyale su, kuma dole a samu amsar ba shi.

Tsakanin garuruwan biyu, Kurfi ce ke da sauran dama. Ba ta cika kamar Dutsin-Ma ba, kuma har yanzu akwai gonaki a bakin titin Katsina, ko da yake ana yanka su fuloti-fuloti kamar yadda ake yi a duk garin da ke kan babbar hanya. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna iko da filayen da aka ayyana a matsayin birni, ta ba ƙaramar hukuma iko da sauran, har da ware fili don amfanin jama'a bayan biyan diyyar abin da ke kansa. Kadada ɗaya ko biyu da za a keɓe yau a farashin gona, nan da shekara goma sai an rushe gidajen mutane kafin a same su. Dutsin-Ma ta riga ta wuce wannan matakin a tsakiyar gari, don haka nata aikin zai fara ne daga tashoshin da take da su da filin da ke kewayen kasuwar Laraba, a ga wanne zai iya ɗaukar mota goma a daren Talata, a kewaye shi, a sa masa fitila.